Kan noti ya cinye, na kasa buɗe laptop in ƙara RAM

Ɗan_Kurmi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Laptop ɗin HP 15 ce mai RAM 4GB, na sayo RAM irin DDR4 mai 8GB zan ƙara. Notocin ƙasa duk sun fita sai biyu. Ɗaya kansa ya fara cinyewa, sukundireba sai zamewa take. Ɗayan yana juyawa amma ya ƙi fitowa. In ɗiga sufa gulu in manna sukundirebar a kansa?

MaiGyara: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da murɗawa tukuna, kowace zamewa ƙara cinye kan take yi. Sufa gulu kuma a bar shi: gangarawa yake cikin ramin ya haɗe notin da roba.

Fara duba girman bakin sukundirebar. Notocin laptop yawanci M2 ne ko M2.5 (wato kaurinsu 2mm ko 2.5mm), kuma sukundireba mai bakin gicciye lamba PH0 ko PH1 ke kama su. Mutane na ganin noti ƙarami sai su ɗauko PH00 da ta fi su ƙanƙanta, ita kuwa tsininta kaɗai ke taɓa ƙasan gicciyen kan notin, gefunan ba sa kamawa. Wadda ta dace tana zama daram, ba ta rawa. Tun da kan ya buɗe, gwada wadda ta fi girma da mataki ɗaya.

Kife laptop ɗin a tebur mai tauri, ba katifa ba. Sukundireba ta tsaya cak, ka danna ƙasa da ƙarfi, ka murɗa hagu a hankali. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci. In ta sake zamewa, shimfiɗa robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kan notin ka danna ta ciki, tana cike gurbin da ya cinye.

Masana'anta kan shafa wani shuɗin gam a jikin noti don kada ya kwance da kansa. Shi ke sa sabon noti taurin kai. Bakin ƙarfen soda a kan notin na daƙiƙa 5 zuwa 10 yana sassauta shi, amma kada ya taɓa robar gefe.

Hajiya_IT: Zafin nan ban cika so ba in jikin laptop roba ne. Notin yana shiga wata 'yar tagulla ce da aka dasa cikin roba, zafi ya yi yawa sai ta saki. Ina ma zaton abin da ya sami noti na biyu ke nan, tagullar ce ke juyawa tare da shi. Ka cusa siririn katin roba tsakanin murfi da jiki kusa da wurin, ka ɗan ɗaga kana murɗawa. A wasu laptop ɗin ThinkPad, irin su T480, notocin murfi dama ba sa fita, sassautawa kawai ake yi, amma yawancin HP 15 ba haka suke ba.

Kuma kafin ka ɓamɓare murfi, ɗaga dogayen robobin ƙafa. HP na ɓoye notoci a ƙarƙashinsu.

MaiGyara: Gaskiyarki Hajiya, zafi sai an rasa yadda za a yi. In kan ya zama rami sumul, saura hanya biyu: sukundireba filat ƙarama, kamar 1.5mm ko 2mm, a matsa ta cikin abin da ya rage na gicciyen, ko a huda kan da bakin injin huda na 2mm har ya rabu da jikinsa, murfi ya ɗagu, a kama guntun da filaya. Hudar aikin mai gyara ce, domin garin ƙarfe in ya faɗa kan bod, wato babban allon lantarkin cikin laptop, yana haɗa wuta.

Hajiya_IT: In ka shiga, cire filogin batir kafin ka taɓa komai. RAM ba ta da noti, maƙalai biyu ne a gefe. Saka ta a karkace, yankan ya dace da na gurbin, ka danna har su kama. Notocin kuma tsayinsu ya bambanta, dogo a ramin gajere yana iya huda saman laptop. Wanda ya cinye kada ya koma, nemi irinsa wajen masu gyara.

Ɗan_Kurmi: PH1 da robar kuɗi sun fitar da na farkon. Na gode Oga, na gode Hajiya. Saura mai juyawar, bari in nemo tsohon katin ATM.