Ya ake nemo shafukan teloli na Legas ta Google?

Telan_Agege:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ni tela ne, shagona na Agege wajen Pen Cinema, ɗinkin maza nake, kaftani da babbar riga. So nake in riƙa bin teloli 'yan uwa na nan Legas a Instagram in ga aikin wuyan da ake yayi, amma duk sanda na rubuta tela sai ya zubo min wasu turawa da yaren da ban ma sani ba, jiya datata ta ƙare tas ban samu ko mutum biyar ba. An ce a Google ake yi da wasu alamomi, wa ya iya?

MaiGyaranWaya_Ikeja:
Wa alaikumus salam maigida. Ba laifin wayarka ba ne, kalmar tela a yaren Sifaniya yadi take nufi, shi ya sa suke fito maka. Buɗe Google ka rubuta haka daidai:

site:instagram.com "kaftan" "Agege"

Wannan site: ɗin ce masa kake kar ya leƙa ko'ina sai Instagram, amma kar ka bar fili bayan ɗigo biyun nan, in ka bari ya ɓaci, a nan kasuwar waya ta Computer Village kullum sai na gyara wa wani wannan kuskuren. Kalmar da ka sa tsakanin alamar zance kuma dole sai shafin da ke ɗauke da ita zai kawo. In unguwa biyu kake so sai ka sa "Agege" OR "Obalende", OR da manyan baƙaƙe fa. In kayan mata sun cika maka ido ka ƙara -abaya a ƙarshe, ka manna alamar cirewar jikin kalmar.

Maman_Biyu:
Malam tela ni abin da zan ƙara, ka yi tunanin abin da mutum ke rubutawa a saman shafinsa. Mutanenmu masu sana'a da turanci suke rubutawa saboda kwastoma Yarabawa, da wuya ka ga an sa Legas ko Ikko, Lagos suke sawa, don haka gwada "Arewa" da "agbada" ma. Haka na nemo masu turaren wuta na Idi-Araba. Kuma don Allah kafin ka yi folo duba ranar da ya sa hoton ƙarshe, wani shafin shekara biyu ba a taɓa shi ba, wani kuma hotunan aikin mutane ya kwaso, na taɓa tura wa wata kuɗin humra har yau shiru. In ka samu na kirki guda ɗaya shiga cikin waɗanda yake bi, a nan taron yake.

Sadauki_Mile12:
Na Twitter kuma tunda ta koma X a 2023 sai ka gwada biyun, site:x.com OR site:twitter.com. In sababbi kake so ƙara after: da kwanan wata, misali after:2024-01-01, sai ya kawo na bayan wannan ranar. Shafin da mai shi ya kulle dai ba za ka ga hotunansa ba.

Telan_Agege:
Allah ya saka da alheri, wallahi ya yi! Da Agege kaɗai na samu guda tara, ɗaya ma ashe layinmu ɗaya, bayan masallaci yake. Ɗan Ikeja, in na canza zuwa site:tiktok.com zai yi? Bidiyon yankan wuya nake so in gani.