Nokia 3310 ta marigayi Baba, ko za ta iya tashi?

Ɗan Ader (Tawa):
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da marece muna kwashe kayan adakar Inna saboda gara ta shiga ɗakin, sai ga salular Baba, Allah ya jiƙansa, naɗe cikin tsohon rawaninsa. Nokia 3310 ce, shuɗiya mai duhu, wadda ya zo da ita daga Abijan lokacin da yake zuwa bida. Ina yaro a lokacin, amma ban manta ba: a ƙauyenmu reso bai kamawa sai bisa tudun da ke bayan masallaci, can Baba yake tsayawa da ita a ɗage, mutane na jiran ya kira musu ƴaƴansu da ke waje.

Batirin ya kumbura har murfin baya ba ya rufuwa, caja kuma babu. Tsohon pus, wato katin layi (SIM), yana ciki. Ina so in ji ko za ta tashi ta yi aiki da layin yanzu, kuma ko lambobin abokansa da saƙonninsa suna nan. Inna ta ƙi wayar shafawa, ta ce wannan take so.

Mai gyaran salula (Katako, Yamai):
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Fara da cire batirin nan yau, kada ka gwada yi masa caji. Na asali BMC-3 ne, mai ƙarfin 900 mAh, kuma BLC-2 ma yana shiga. Cajarta mai kaurin baki ce, siririyar Nokia da ta fito daga baya ba ta zama a ramin.

Maganar lambobi, ka kwantar da hankalinka. Ita 3310 ba ta ajiye sunaye a cikinta, a kan pus take rubuta su, saƙonni ma haka. Ko da kamfani ya daɗe da rufe layin, abin da aka rubuta yana nan. Saka shi cikin wata ƙaramar salula ka kwafe komai a takarda. Sai dai in ya nemi PIN, lambar sirrin pus, kada ka yi ta cinke: kuskure 3 ya kulle, sai PUK, lambar buɗewa ta kamfanin layi, shi kuma kuskure 10 pus ya mutu har abada. In wayar ce ta nemi lamba, ta masana'anta 12345 ce, in dai Baba bai canza ba.

Layin yanzu kuma, tsohon reso na 2G kaɗai ta sani, GSM 900 da 1800. Inda akwai 2G za ta kira ta amsa. Babban pus take ci, don haka na yanzu sai ka mayar da shi cikin gidansa na roba, kuma na sha ganin sababbin da ta ƙi karɓa.

Hajiya Ta Wadata:
Ɗana, ka tuna mini da nisa. Tawa salular ta taɓa faɗawa cikin tukunyar fura, na warware ta gida uku, na shanya bisa tabarma, washegari ta kama. Amma in don Inna ce, ka sani ba ta da tocila, ba ta da rediyo. Mai tocila ita ce 1100 da ta fito a 2003, ita muke haskawa mu duba kunama kafin mu shimfiɗa wa yara. Batirinta BL-5C har gobe ana samunsa a kasuwa. Tsohuwa da ke tashi alwala da asuba ta fi buƙatar fitila.

Malam na lakkwal:
Ita 3310 a shekarar 2000 ta fito, an sayar da miliyan 126 a duniya. Nauyinta giram 133, allonta ɗigo 84 a kwance 48 a tsaye, ba launi sai hasken kore. Wannan ƙanƙantar allon tana cikin abin da ya sa caji ɗaya yake kai mutum kwanaki, abin da ya yi mana rana a garuruwan da sai ran kasuwa ake samun mai injin caji. Tana haɗa saƙo uku ya zama ɗaya, haruffa 459. Wasanninta huɗu, amma macijin nan Snake II shi ya cinye mana dare, sai Bantumi mai zuba ƴaƴa cikin gurabu.

Abin da nake so ka duba shi ne wurin haɗa kiɗa, Compositeur in da Faransanci take. Mutum na danna lambobi ya tsara sautin kiransa da kansa, kuma wannan a cikin wayar yake zama, ba a pus ba. Kada ka bari kowa ya yi mata wankin ƙwaƙwalwa kafin ka saurara.

Ɗan Ader (Tawa):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na saka pus ɗin a wayar ƙanwata, bai nemi PIN ba. Sunaye 61 na samu, wasu an rubuta "Isa tela", wasu sunan gari kawai. Saƙo huɗu ne, na ƙarshe na kawuna ne yana shaida masa ruwa ya sauka an yi shuka. Na karanta wa Inna, ta sa na maimaita.

Hajiya, na ji shawararki, zan saya mata mai tocila. Malam, akwai wani sauti da wayar take yi a zamanin Baba wanda ban taɓa ji a ta kowa ba, yanzu na gane daga ina ya fito. Maigida na Katako, ɗan'uwana zai shigo Yamai ran Laraba, in kana da BLC-2 da cajar ka ajiye mini.