Masu bincike sun taɓa zuwa garinku yi wa yara tambayoyi a kan waya?

Malamar firamare, yankin Ringim: Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya wasu suka zo makarantarmu da takardu da tablet wai bincike suke kan yadda yara ke amfani da intanet, suka zauna da 'yan aji shida ƙarƙashin darbejiya, hedimasta na tsaye a kansu da bulala a hannu. To wace yarinya ce za ta ce tana kallon TikTok a wayar yayanta a gaban hedimasta? Duk suka ce ba su taɓa taɓa waya ba, ni kuma na san ba haka ba ne. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Ku ya aka yi a wajenku?

Uban yara shida, Dambatta: Malama mu nan mai unguwa kawai suka gani, ya ce ya amince, shi kenan suka hau ɗaukar yara hoto. Ni na hana nawa. Amincewar mai unguwa daban, tawa daban, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ma cewa ta yi duk wanda bai kai 18 ba sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan na Pfizer a Kano ba, 1996 lokacin sanƙarau, yara wajen 200, 11 suka rasu, ƙarshe sai da aka je kotu. Shi ya sa in aka ga baƙo da takarda sai gaba ya faɗi.

Ɗalibar jami'a, 'yar Gumel: Baba gaskiyarka. Na taɓa yin aikin tattara bayanan nan, kafin mu fita sai da kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tambayoyin, aka mayar da takardar izini Hausa, wanda bai iya boko ba mu karanta masa ya dangwala. Kuma ko uba ya yarda sai mun tambayi yaron shi ma, in ya ce a'a mu ƙyale shi. Mata mu ke yi wa 'yan mata tambaya a tsakar gida, uwa na hango mu daga bakin murhu amma ba ta jin me ake cewa, sunan yarinya kuma ba a rubutawa sai lamba. A haka wata 'yar shekara 13 ta faɗa min wani babba na turo mata hotunan banza a wayar gidansu, tana magana tana murza bakin hijabinta. Tun farko na gaya mata in akwai abin da zai cutar da ita dole na sanar da shugabar aikinmu, haka kuwa aka yi.

Mai cajin waya, Kazaure: Ni su zo shagona da yamma su gani, yaran da ke cewa ba su da waya su ne ke kawo ta babarsu caji su zauna a benci suna ta latsawa har ta cika.

Malamar firamare: Ƙanwata 'yar Gumel dan Allah turo min irin takardar izinin nan ta Hausa, sun ce za su dawo bayan hutu, ina so na kai wa hedimasta kafin nan.