Maiƙo a saman teku: ya isa a kafa injin haƙa?

Ɗalibi: Jama'a, ina nan a kan bakata: duk tekun da mai ke tsattsafowa daga ƙasansa, akwai arziki a wurin. Ku dubi Meksiko. Wani masunci, Rudesindo Cantarell, ya yi ta ganin maiƙo a ruwan Campeche, ya sanar da hukuma. A 1976 aka haƙa, aka dace da ɗaya daga cikin manyan filayen mai na duniya, har aka sa wa filin sunansa.

Injiniya: Sannu-sannu, ƙanena. Jirgin ruwa ma yana zubar da maiƙo. Shi ya sa ake tara hotunan rada na tauraron ɗan adam na lokuta daban-daban. Mai yana kwantar da igiyar ruwa, sai wurin ya fito baƙi a hoto. In tabon ya yi ta dawowa wuri ɗaya, sannan a tura jirgi.

Malama: Jirgin ma ba haƙa zai yi ba. Bututun ƙarfe mai nauyi ake saki, ya nutse cikin lakar ƙasan teku kamar mita 6. Da hannuna na yi aikin: ka yanko laka daga can ƙasan bututun, ka cusa a gwangwani, ka zuba maganin kashe bakteriya, ka rufe ka daskarar. A ɗakin gwaji a auna iskar da ta taru a saman gwangwanin. In kusan iskar gas ɗin da ake kira mitan (methane) ce zalla, wataƙila bakteriya ne suka haifar da ita a lakar. In akwai itan (ethane) da furofen (propane) da yawa, wato iskar gas masu nauyi fiye da mitan, kuma nauyin sinadarin kabon da ke cikin iskar ya nuna haka, to zafin can ƙarƙashin ƙasa ne ya dafa ta.

Ɗalibi: To ai kin ba ni gaskiya, Malama.

Malama: Rabinta na ba ka. Gwajin ya ce an dafa mai a wurin. Bai ce akwai tukunya mai murfi da ta riƙe shi ba. Wani lokacin ma tsattsafowar alama ce murfin ya tsage.

Injiniya: Kamar rijiyar Mukluk ke nan, da aka haƙa a tekun Alaska a 1983. Hayar wurin da haƙa sun ci fiye da dala biliyan 1. Suka tarar da dutsen duk tabon mai, amma man ya daɗe da gudu.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, to me ya sa kamfanoni ke biyan kuɗin ɗibar lakar?

Injiniya: Saboda arha ce in ka gwada ta da rijiya ɗaya a zurfin teku. A yankin da ba a taɓa haƙawa ba, ita ke gaya maka ko ka ci gaba ko ka tattara kayanka. Amma wurin kafa injin, sai taswirar sautin da ake harbawa cikin ƙasa.

Malama: Ko an samu ma da sauran magana. Shell ta samu mai a tekun Namibiya a 2022, amma a farkon 2025 ta rubuta asarar kusan dala miliyan 400, don dutsen ba ya sakin man yadda zai biya.

Ɗalibi: Na ja da baya a kan "duk tekun". Amma Malama, wace laka ce za ta nuna dutsen zai saki man?

Malama: Babu. Wannan sai an haƙa.