Jama'a mene ne "zoning" da Hausa? Ba na siyasa ba fa, na gine-gine

Salam jama'a, a taimaka min da kalma ɗaya don Allah. Ina haɗa wani ɗan rubutu ne a kan yadda wasu biranen duniya suke ƙara yawan gidaje da kuma rage kwanan da fayil yake yi a ofis kafin a ba mutum izinin gini, komai yana tafiya lafiya lau sai da na iso kan zoning na cije. Mutum uku na tambaya duk ukun suka ce min karɓa-karɓa 😂 wato in Kudu ta yi Arewa ta karɓa. Ba shi nake nufi ba.

Wanda nake nufi shi ne hukuma ta shimfiɗa taswirar gari ta ce nan gidajen kwana, nan shaguna, can masana'antu, kuma ba a nan take tsayawa ba, kowane yanki sai an rubuta masa hawa nawa za ka iya ɗorawa, kashi nawa na fulotinka za ka cike da gini, nawa za ka ja baya daga bakin titi, iyali nawa fuloti ɗaya zai ɗauka. A New York a 1916 suka kafa tasu dokar da ta game birnin gaba ɗaya, bayan an kammala wani dogon bene mai suna Equitable, kusan hawa 40, da ya miƙe sambal daga bakin titi ya tare wa maƙwabta hasken rana. To wannan abin nake nema wa suna.

Na ga amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su yadda suka zo.

Masu cewa shiyya-shiyya, na gode, amma siyasa ta riga ta cinye kalmar nan. Kana cewa shiyya hankalin mutum ya tafi shiyyoyi shida na Najeriya, ko shiyyar sanata. Kuma ko ba wannan ba, shiyya wuri kawai take nunawa, ba ta ce maka ga abin da aka yarda ka gina a wurin ba.

Rabon filaye da kasafin filaye kuwa ku rufa min asiri, ina rubuta gwamnati ta fito da sabon rabon filaye gobe da asuba za a cika ofis da hoton fasfo ana neman fom.

Hajiya kin ce tsarin gari. Kalmar ta yi kyau Hajiya, sai dai ita uwa ce, titi da kwalbati da makaranta da maƙabarta da bola duk suna cikinta, irin babban tsarin da Trevallion ya zana wa Kano a 1963, ko na Max Lock na Kaduna a 1967, ko na Abuja na 1979. Abin da nake nema ɗa ne guda a cikin 'ya'yanta, in na ba shi sunan uwar me zan kira uwar?

Injiniya ya kawo ƙa'idar gini, shi ma da kansa ya dawo ya janye, ya ce wannan ta rodi ce da kaurin dakin da zurfin fandisho, wato kar gini ya rufto wa mutane. Gini zai iya cika wannan ƙa'idar tsaf amma a ce ba a nan ya kamata ya tsaya ba. Misali a layinmu, wani bawan Allah ya sayi gidan kwana ya mai da shi gidan burodi, gini mai ƙwari ba abin da za ka kushe, amma tun ƙarfe uku na dare hayaƙin itace yake shigowa ta tagar ɗakin Inna, shanyar da aka bari a igiya ta kwana kuwa sai an sake wanke ta. Ba ƙwarin gini ne matsalarmu ba, wurin ne.

Ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su a can lotisma suke ji ana cewa. Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, amma ina jin wannan shi ne awo a wajenmu, yanka fili fuloti-fuloti. Kuma ka tuna min da wani abu, mu a Kano muna da awon gwamnati muna da awon igiya. Awon igiya shi ne mai gona ya kira dillali da mai unguwa a ja igiya a yayyanka a sayar, kowa ya gina abin da aljihunsa ya ba shi, shi ya sa za ka shiga lungu ka tarar mota ba ta shiga, ranar da aka yi rasuwa sai an karkata makara kafin a sha kwana, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Kuma ni ban cika ganin laifin masu sayen ba wlh, mutum yana da iyali haya ta ishe shi, awon gwamnati bai wadata ba wanda ake da shi ma ya fi ƙarfinsa, ina zai je? Amma dai awo daban, abin da aka yarda a ɗora a kan awon daban.

Malam, Allah ya gafarta, maganarka gaskiya ce cewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, marina tana Ƙofar Mata, majema da maƙera kowa da inda aka san shi, kasuwa ma layi-layi ce. Sai dai wancan al'ada ce da sana'ar gado suka zaunar da shi. Na takarda da Turawa ya zo, dokar garuruwa ta Lugga ta 1917, wadda a zamaninta ake barin fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa wai saboda sauro, daga irin wannan rabon na Turawa muka gaji GRA da Sabon Gari. Daga baya aka ware Bompai da Sharaɗa da Challawa don masana'antu. Ka ga abin ya daɗe da mu, suna ne dai ba mu raɗa masa ba.

To ga wadda ta tsaya min a rai. Kawuna magini ne, shekara sama da talatin yana harkar, na kira shi na yi masa bayani kamar yadda na yi muku sai ya ce ai shaci kake nufi. Na ce kamar yaya Kawu? Ya ce kafin a sa diga a ƙasa ba sai an kafa turaku an ja igiya an bi ta da toka ko farar ƙasa ba, nan falo, nan ɗaki, nan banɗaki, nan tsakar gida, lebura ba ya haƙa sai a kan layin, wanda ya fita daga shaci sai ya cike ramin ya sake. Ya ce to abin da ake yi wa gida ne aka yi wa gari.

Shacin gari kenan. Abin da ya burge ni shi ne kalmar ta ɗauko abu biyun da sauran suka kasa haɗawa, akwai rabon wuri a ciki kuma akwai iyakar da ba a tsallakewa.

Na ga mai cewa za a tuna da shaci-faɗi 😅 Yaya ai ba mu daina cewa an shata iyaka ba don tsoronsa. Wani kuma ya ce a bar shi zonin kawai tunda mun karɓi fuloti da kwalbati da siminti. Ba na faɗa da aro, rubutun nan ma cike yake da shi, amma fuloti da ya shigo bai tarar da wani fuloti a gidan ba, shi kuwa zonin 'yan siyasa sun riga mu kama shi.

Bari in gwada ta a aiki mu gani ko za ta ɗauki kaya. A 2016 birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan ya sassauta shacin gari a wajen kashi uku cikin huɗu na filayen gidajen kwana, fulotin da a da gida ɗaya aka yarda a yi a kai ya zama za a iya jera gidaje ko a hau sama, kuma gine-gine suka ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya. Minneapolis a Amurka ta amince a 2018 cewa inda shaci ya ce gidan iyali ɗaya tak yanzu a iya yin na iyali uku. Kun ga upzoning ma ya samu suna kenan, sassauta shaci. Ni dai a kunnena ya zauna.

Ga kuma inda ta fi yi min amfani, wajen maganar saurin izini. A Japan nau'in shaci 13 ne gwamnatin ƙasa ta tsara, birane suna zaɓa a ciki su shimfiɗa a taswirarsu, in zanenka ya dace da shacin wurin aikin mai dubawa kawai ya tabbatar ya dace ɗin. Ingila kuwa tun dokarsu ta 1947 kusan kowace buƙata sai ƙaramar hukuma ta zauna ta auna ta ita kaɗai, a takarda sati 8 ne ƙaramin gini sati 13 babba, amma sau da yawa ana wuce haka, kuma mai gini bai san amsar da zai samu ba sai ta fito. Da Hausa sai in ce na farko izini bisa shaci, na biyu izini bisa ganin dama. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur ana ce masa oga bai zauna ba ya san wanne ne a ciki ya fi kama da namu.

Injiniya ya ƙara da cewa gidajen kwanan da ake mayarwa filaza a Wuse 2 ko a GRA ɗin Kano, in da izini aka yi sai a ce an sauya shaci, in babu a ce an karya shaci. Na karɓa Injiniya, har na rubuta.

Zan tafi da shacin gari a rubutun, in wani yana da wadda ta fi ta ya kawo kafin Juma'a. Saura density, wato yawan gidaje ko mutanen da fili ɗaya yake ɗauka, kar wanda ya ce min cunkoso don Allah, so nake in ce Auckland ta ƙara shi da gangan kuma mai karatu bai ji kamar an cusa mutane a Kwari ana gobe sallah ba.