Tsakanin "must" da "might": yadda muka kwashe da kalmomin tabbas da shakka a Turanci

Malamin sakandare, Zariya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma babu inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe kamar wurin nuna ƙarfin zato, domin tun daga firamare an sa sun haddace cewa "must" na nufin dole. Wata rana na rubuta "He must be tired" a allo, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni wane ne zai tilasta wa mutum gajiya. Sai da na kawo mata misalin manomin da ya dawo daga gona da la'asar, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, kafin ta gane cewa ma'anar ita ce lalle ya gaji, wato hukuncin da aka yanke bisa alama. Kishiyar wannan kuwa "can't" ce, ba "mustn't" ba, saboda ita "mustn't" hani take nufi. Ina so in ji inda abin ya taɓa kama ku.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Ni a asibiti na koyi darasin. Wani likita da ba ya jin Hausa ya duba yaro ya ce "It could be typhoid", ni kuwa na juya na shaida wa mahaifiyar cewa taifot ne. Kafin sakamakon gwaji ya fito ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, ta riga ta kashe kuɗinta a kantin magani. Tun daga ranar, idan na ji "could" ko "may" ko "might", da "wataƙila" nake fara magana.

Mai fassarar labarai a rediyo: Hajiya, irin wannan ya same ni, sai dai ni a gaban dubban masu sauraro. Na ɗauki tsawon lokaci ina mayar da "likely" da "very likely" duka zuwa "mai yiwuwa", har na ci karo da rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na tarar sun auna wa kowace kalma adadinta: "likely" daga kashi 66 cikin 100 zuwa sama, "very likely" daga 90, "virtually certain" kuma daga 99. A rahoton 2013 sun ce "extremely likely" ne ɗan Adam shi ne babban musabbabin ɗumamar duniya, wato kashi 95, a 2021 kuma suka ce "unequivocal", babu sauran ja. Wanda ya haɗe waɗannan a "mai yiwuwa" ya rage wa labarin nauyi. Hausa kuwa ba ta rasa matakan ba, tana da "da alama", da "ana kyautata zato", da "kusan tabbas", da "babu shakka". Ganda ce kawai ta hana ni amfani da su.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari: Dillalina na birnin Guangzhou a ƙasar China ya rubuto "It should arrive on Monday", na ɗauka alkawari ne, na karɓi kuɗin mutane. Ashe sa rai kawai yake yi, kayan ba su iso ba sai bayan mako biyu.

Malamin sakandare, Zariya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Da ya ce "will definitely arrive" da kana da hujjar riƙe shi, kuma ko "will probably arrive" ma ta bar masa ƙofar fita. Gobe idan Allah ya kai mu, da saƙon dillalin nan naka zan buɗe darasi a aji uku.