Abin da aka tattauna kan ƙullutu mai zafi a goshi

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan tambayar me ke jawo ƙullutu mai zafi a goshi da abin da ya kamata a yi:

1. Mafi yawa sun ce a fara tambayar ko an buge. Goshi ba shi da tsoka sosai, shi ya sa ko ƙofa yaro ya gwabza, nan take jini ke taruwa ƙarƙashin fata, wajen ya yi tsiri. A naɗe ƙanƙara a tsumma, a ɗora minti 15. Amma in an ga amai, jiri, ko barcin da ba a saba ba, asibiti kai tsaye.

2. Maruru ko babban ƙurji: yana ja, yana zogi, daga baya ya yi baki da mugunya.

3. Ƙullutun kitse ko na maiƙo yakan motsa in an taɓa, kuma ba ya ciwo sai ya kamu da ƙwayoyin cuta.

4. Cizon ƙwaro, wasu suka ce.

5. Kaɗan sun ambaci mura mai toshe kogon ƙashin goshi, mai zuwa da ciwon kai da zazzaɓi.

Inda aka rabu shi ne batun matsewa, in maruru ne. Wasu sun ce a kai wa wanzami ya tsaga, wasu suka ce sam, a gasa da tsumma mai ɗumi kawai. Ni ina tare da na biyun, domin wajen yana kusa da ido, cutar na iya bazuwa.

An yi ittifaƙi cewa mai ciwon suga, da wanda idonsa ya kumbura, da wanda ƙullutunsa ya wuce sati 2 yana girma, su ga likita.